Shi ya biya min kuɗin rijista, yanzu kuma furojet ɗina na hannunsa

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki ɓoye sunana da na makarantarmu. Shekarata 22, ina ajin ƙarshe a wata jami'a a nan arewa. Babanmu ya rasu ina aji ɗaya, Ummanmu ce ke riƙe da mu da ɗan ɗinkin da take yi. Shekarar da aka ƙara kuɗin makaranta na rasa yadda zan yi rijista, ana gab da rufewa ina zaune bakin sashenmu ina kuka wani lakcaranmu ya gan ni ya tambayi dalili. A ranar ya turo min naira 95,000 ya ce in ɗauke shi kamar uba, kuma kar in faɗa wa kowa don sadaka ce ba ya son riya. Wlh Anti har a sujjada na dinga masa addu'a. Daga baya ya fara kira da daddare, yana cewa in zo ofis da yamma lokacin da kowa ya watse. Rannan ya kulle ƙofa ya riƙe min hannu, Allah ya taimake ni wani ya ƙwanƙwasa. Tun daga nan nake gudunsa, sai ga shi na faɗi kwas ɗinsa wanda na san na rubuta shi sosai. Yanzu kuma shi aka ba ni sufabaiza. Babi na ɗaya ya yi wata biyu a gunsa, ya ce shi ba ya duba furojet a ofis sai dai in same shi a wani masauki a cikin gari, in kuma na yi taurin kai ba zan fita da 'yan ajinmu ba, kuma zai nuna wa duniya alat ɗin kuɗin da na karɓa a ga wa za a yarda da shi. Ƙawata ta ɗaki ta ce in rufe ido sau ɗaya ne, ba a kaina farau ba. Umma na da hawan jini, ina tsoron faɗa mata. Baffanmu dama bai so karatun ba, in ya ji cire ni zai yi kuma ya hana ƙannena mata biyu. Akwai wanda zai aure ni in na gama, shi ma bai sani ba. Bana barci, bana iya cin abinci, gani nake laifina ne da na karɓi kuɗin. In bar makarantar ne ko ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Umma lafiya, ke kuma ya yaye miki wannan damuwa.

Bari in fara da inda ya fi miki ciwo, maganar wai laifinki ne. Ba laifinki ba ne wallahi. Marainiya ce ke, aka ƙara kuɗin makaranta a daidai lokacin da cire tallafin mai na 2023 ya sa komai ya yi tashin gwauron zabi, ɗalibai nawa maza da mata suka ajiye karatu a lokacin saboda rashin kuɗin rijista, sai ga malaminki, babba, ya ce miki ga sadaka ki ɗauke shi uba. Wace yarinya ce za ta ce a'a? Ke taimako kika karɓa, ba ciniki kika yi ba. In shi ya ƙulla wani abu a ransa, wannan tsakaninsa da Allah ne. Kin san hadisin mutum ukun nan da dutse ya rufe musu bakin kogo, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ɗaya daga cikinsu 'yar baffansa ce ta zo masa cikin shekarar fari tana neman taimako, ya ba ta dinari 120 da sharaɗin ta ba shi kanta, da ta ce masa ya ji tsoron Allah sai ya tashi ya bar ta, ya bar mata kuɗin ma, kuma da wannan aikin ya roƙi Allah dutsen ya matsa. Ki lura ba a kawo labarin don a zargi matar da yunwa ta koro ba, mai kuɗin ne aka jarraba. Malaminki ma jarrabawar da ke gabansa kenan, kuma har yanzu faɗuwa yake.

Gefe ɗaya na ji, naki, wannan gaskiya ne, kuma ko da niyya mai kyau ya fara daga baya shaiɗan ya shiga, Allah ne masani. Amma ki duba yadda abin ya jeru: kar ki faɗa wa kowa, sai kiran dare, sai ki zo in kowa ya watse, sai kulle ƙofa, sai kayar da ke a kwas, sai masauki, sai barazana. Duk matakin nan abu ɗaya ya riƙe su, ba wanda ya sani sai ke da shi. Tun ranar farko shirunki ya saya da kuɗin nan, kuma da shi yake juya ki har yau. Shi ya sa duk abin da zan faɗa miki a ƙasa ya koma ga yadda za ki daina zama ke kaɗai da wannan maganar, amma cikin tsari, ba da gaggawa ko hayaniya ba.

Alat ɗin da yake tsorata ki da shi, ki kwantar da hankalinki. Ranar da ya fito da shi shi za a fara tambaya, me ya haɗa lakcara da tura wa ɗalibarsa kuɗi a ɓoye, sannan ga kiran dare ga saƙon ta same shi a masauki? Ya san da haka sarai. Aikinsa, muƙaminsa, fanshonsa, mutuncinsa a gaban matarsa da 'ya'yansa, duk suna kan layi, kuma ya fi ki abin asara nesa ba kusa ba. Yana dai caca ne cewa tsoro ba zai bar ki ki yi wannan lissafin ba.

Ƙawarki kuwa, ba zan ce muguwa ba ce. Sau da yawa mai cewa ba a kanki farau ba daga cikin nata ciwon take magana, wataƙila ita ma an taɓa matse ta haka ba ta samu wanda ya tsaya mata ba. Ki tausaya mata amma kar ki bi ta. Babu wani sau ɗaya a wannan harka. Mutumin da ya riƙe ki da alat ɗin dubu 95, me kike tsammani zai yi in ya samu abin da ya fi alat, hoto ko bidiyo ko ma kawai sanin cewa kin je? Akwai babi na biyu da na uku, akwai difens, wato kare furojet a gaban malamai, akwai kwas ɗin da ya kayar da ke, kowanne sai ya ce ki dawo. Ga saɓon Allah, ga ciki, ga cuta, ga auren da ke gabanki. Kuma daga yau ki daina ba ta labarin shirinki, ba don gaba ba, don dai maganar hostel ba ta kwana a ɗaki ɗaya.

To yanzu abin yi. Masaukin nan babu zuwa, ko da ya rantse cewa takarda kawai zai duba, ko da ya ce ki zo da ƙawa. Ofishinsa ma kar ki ƙara shiga ke kaɗai, ki je da safe lokacin da sashe ke cike, ke da wani cikin waɗanda yake dubawa tare da ke, kuma ki tsaya kusa da ƙofa. Kar ki zage shi, kar ki yi masa barazanar za ki kai ƙara, kar ma ki nuna masa wani abu ya canza. Ki mayar da duk maganarku ta rubutu, cikin ladabi, misali ki tura masa ta WhatsApp cewa Malam barka da yini, ina tuni ne kan babi na ɗaya da na kawo ranar kaza, yaushe zan zo ofis in karɓa. Duk amsar da ya bayar hujja ce, shirun ma hujja ce. Kar ki goge komai, tsofaffin saƙonni, jerin kiran dare, alat ɗin kansa. Ki ɗauki hotonsu yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, ki tura wa imel ɗinki da kuma wayar mutum ɗaya da kika yarda da shi, saboda waya na ɓata kuma ana iya goge saƙo daga can ɓangaren. In ya kira ki naɗi muryar, ki bar shi ya yi maganarsa, ke dai ki ce Malam furojet ɗina nake tambaya. Sannan ki samu ɗan littafi ki rubuta abin da ya faru tun daga farko, rana da wuri da wanda ya gani, har da wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa rannan in kin san shi. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011 ta yarda da hujjar waya da kwamfuta a kotu, don haka ki adana ita wayar kanta, kar ki sayar kar ki canza.

Ba tatsuniya nake miki ba da na ce naɗin murya na aiki. A 2018 wata ɗaliba a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ta naɗi muryar Farfesa Richard Akindele yana neman ta da lalata kafin ya ba ta maki, jami'ar ta kore shi, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta gurfanar da shi, babbar kotun tarayya a Osogbo ta ɗaure shi shekara 2 a watan Disambar shekarar. A 2019 binciken ɓoye na BBC ya tona asirin wasu malamai a Jami'ar Legas da ta Ghana. A 2023 ɗalibai mata na tsangayar shari'a a Jami'ar Kalaba suka fito da kwalaye a kan shugaban tsangayar tasu, aka dakatar da shi, ICPC ta kai shi kotu. Manyan malamai ne fa waɗannan, har da farfesoshi. Amma ba zan ɓoye miki ɗaya gefen ba, yaran da suka yi maganar sun sha zagi da surutu, kwamitin bincike na iya jan ƙafa, kuma cikin masu zaman kwamitin akwai abokan aikinsa. A nan arewa kuma kin san yadda sunan mace yake, ko an wanke ki sai wani ya ce ai da wani abu. Shi ya sa ba zan ce miki lallai sai kin kai kotu ba. Ke za ki auna, amma ki auna da hujja a hannunki, ba da kuka kawai ba. Abu ɗaya da zan hana ki kai tsaye shi ne sakin maganar a Facebook ko TikTok, don nan take sai a juya ta ta koma ƙarar ɓata suna a kanki, kuma abin da ya shiga intanet ba ya dawowa.

Hanya mafi sauƙi, wadda ni zan so ki fara da ita, ita ce a raba ki da shi. Ki duba cikin sashenku ko tsangayarku ki nemi babbar malama mace wadda ɗalibai ke shaidar kirkinta, ko ki je sashen ba da shawara na ɗalibai, ko ofishin shugaban harkokin ɗalibai. Ki nuna mata abin da ke wayarki ki ce Mama so nake a canza min sufabaiza. Shugaban sashe na da ikon yin hakan kuma ana yi, wani lokacin ma ba tare da an tayar da ƙura ba. Ki rubuta buƙatar a takarda, kwafi biyu, a buga miki hatimin an karɓa a kan naki ki adana, domin maganar baki a ofis ana mantawa da ita in an so. In kin lura shugaban sashen abokin tafiyarsa ne to ki tsallake zuwa shugaban tsangaya ko harkokin ɗalibai. Kwas ɗin da ya kayar da ke kuma, jami'o'i na da tsarin neman a sake duba takardar jarrabawa, ana rubutawa a biya wani kuɗi a ba wani malamin daban ya sake dubawa. Ki duba kundin ɗalibai na makarantarku yau ɗin nan don yawanci akwai wa'adi, in ya wuce to aƙalla ki nemi kar ya zama shi kaɗai zai duba takardarki in kin sake rubutawa.

In makaranta ta yi biris, ko ya ƙara matsa miki, sai a fita waje. ICPC na ɗaukar neman lalata don ba da maki a matsayin cin hanci da amfani da muƙami ta hanyar da ba ta dace ba, kuma tana karɓar koke kai tsaye. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA na da rassa a jihohi kuma suna tsaya wa mata kyauta, haka ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA, haka hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasa. Ko ba ki shirya ƙara ba ki je ki zauna da lauya mace ta duba abin da kika tara, sau tari wasiƙa ɗaya daga lauya zuwa ga shugaban jami'a na tayar da fayil ɗin da ya yi barci. Kuma ina so ki sa wannan a ranki ba don in ɗora miki nauyi ba, mutumin da ya iya tsara abu haka daki-daki da wuya ace ke ce ta farko, kuma akwai 'yan aji ɗaya da ke shigowa. In kika ji wata da ya taɓa yi wa, koken mutum biyu ko uku ya fi na mutum ɗaya nauyi sosai.

Sai maganar gida, wadda na san ita ce ta fi hana ki barci. Ki faɗa wa Umma. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi ƙanwata. Na fahimci tsoronki kan hawan jininta, amma ki kwatanta ta ji daga bakinki kina zaune gabanta lafiya lau, da ta ji daga bakin 'yan unguwa bayan an ƙara gishiri, wanne ne zai fi kayar da ita? Kar ki faɗa ta waya. Ki je gida, ki bari ta sha maganinta ta huta, in akwai yayarta ko ƙanwarta mai hankali a zauna tare, kuma kalmarki ta farko ta zama Umma ban yi komai ba, ba abin da ya same ni, taimakonki nake nema. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi faɗan me ya sa kika ɓoye kuɗin, ki haƙura ki saurara. Matar da ta riƙe marayu da keken ɗinki ta fi yadda kike zato ƙarfi.

Baffa kuwa, tsoronsa ba daga iska ya zo ba, irin labarin nan yake ji shi ya sa yake ƙyamar jami'a, don haka kar ki ɗauke shi maƙiyi. Amma ba dole ya zama na farkon ji ba. Umma ta zaɓi namiji ɗaya mai natsuwa, kawunki ko wani aminin marigayi Baba ko limamin da kuka yarda da shi, wanda zai raka ki makaranta in ana buƙatar babba, don gaskiya ofisoshinmu sun fi sauraron yarinya in sun ga akwai mutane a bayanta. In ta kama Baffa ya ji, to su manyan su faɗa masa, kuma su nuna masa abin da saƙonnin nan ke nunawa, cewa 'yarsa an matsa mata da faɗuwa da barazana ta ƙi. Wannan abin alfahari ne gare shi. Cire ki a ajin ƙarshe da hana ƙannenki hukunta wanda bai yi laifi ba ne, shi kuma mai laifin yana nan a kujerarsa.

Wanda zai aure ki shi ma ya kamata ya ji daga gare ki, bayan Umma, kafin malamin ko wani ɗan gulma ya riga ki. Ki faɗa masa a taƙaice ba tare da rantse-rantse kamar mai laifi ba, kuma ki roƙe shi kar ya je ya tari mutumin ko ya kira shi, zuciya za ta ɓata miki hujja ta mayar da shi abin tausayi. In ya tsaya miki alhamdulillah. In kuma ya juya miki baya saboda kin ƙi yarda a lalata ki, zai yi ciwo, amma gara kin gani yanzu da ki gani bayan an ɗaura.

Kuɗin kuma ki yi niyyar mayar masa, ba don ya zama bashi a shari'a ba tunda da bakinsa ya ce sadaka ce, sai don ki cire igiyar daga wuyanki. Amma ba yanzu-yanzu ba kuma ba hannu da hannu ba. Sai an gama tara hujja an canza sufabaiza, sannan babban da aka zaɓa ya tura ta banki a rubuta cewa mayar da kuɗin rijista ne, a ajiye rasit. In dangi suka yi karo-karo dubu 95 ba ta gagara, kuma akwai hukumomin zakka a jihohi irin su Kano da Sakkwato, akwai hukumar tallafin karatu ta jiharku, akwai 'yan'uwa na ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da kan tara wa ɗaliban da suka maƙale. In akwai sauran rijista a gabanki, ko don ƙannenki in lokacinsu ya zo, asusun NELFUND da ya fara aiki a 2024 na ba da bashin karatu mara ruwa, yana biyan makaranta kai tsaye, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata na kashewa, ba a fara biya sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Kar ƙannenki su taɓa zama bakin sashe suna kuka ba su san da wannan ba.

Akwai wata magana da zan yi a hankali. Wasu lokutan mai rubuto wasiƙa kan tsaya a riƙe hannu saboda kunya alhali abin ya wuce nan. In haka ne ba sai kin faɗa min ba, amma ki je a duba ki. Akwai cibiyoyin da aka buɗe don wannan, kyauta kuma cikin sirri, Waraka a asibitin Murtala na Kano, Salama a Kaduna da Zariya da Kafanchan, Nana Khadija a Sakkwato. Maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 da faruwar abin ake fara shi. Kuma ko ba abin da ya faru, rashin barci da rashin cin abincin nan kar ki raina shi, ki je asibitin makaranta ki ce damuwa ta hana ki barci, su ma waɗannan cibiyoyin suna da masu zama su saurare ki. In kika taɓa jin zuciyarki na raya miki ki cutar da kanki, a daren ki tashi wani ki faɗa masa, kar ki jira gari ya waye.

Barin makaranta kuwa ban goyi baya ba, shekara huɗu na wahalarki da ta Umma ba za a bar wa mutum ɗaya su ba. Mafi munin abin da zai iya jawo miki shi ne ƙarin zango ko shekara, kuma ko wannan ɗin da wuya in takardarki ta riga ta shiga ofis da hatimi kafin sakamako ya fito, shi ya sa nake so ki motsa cikin satin nan kar ki bari sai an kusa difens. Ki ci gaba da rubuta babi na biyu da na uku kina ajiye kwafi, don duk wanda aka ba ki ya tarar da aiki a ƙasa. In ya kira ki kafin nan ya ce yaushe za ki zo masaukin, ki kunna naɗi, ki ce Malam ni a ofis zan kawo aikina, ki yi sallama ki kashe. In kin yi magana da Umma ki sake rubuto min in ji yadda kuka yi da wanda ta zaɓa ya raka ki.